Takardar da Muka Liƙa wa Baba a Bango

Maigidana, Malam Luka, ba a yi masa zance da "ina jin". Ka ce masa ina jin za a yi ruwa yau, sai ya tambaye ka bara war haka an yi ko ba a yi ba. Ni Roda da nake zaune da shi na saba, har ta kai in na ce miya ta yi gishiri sai in dakata in ji ko zai tambaye ni da wace miyar na gwada. Shi ne hedimastan makarantar mishan ta ƙauyenmu, Gidan Maiwada, kusa da Ƙarfi, a shekarar 1964. Aji huɗu ne, malamai huɗu. Shi yana riƙe da aji huɗu, Malam Ishaya aji ɗaya, ni aji biyu, mahaifina Malam Sulemanu kuma aji uku. Wato a makaranta mijina shi ne shugaban ubana. Manajan mishan da ya shirya wannan haɗin, Allah ya ba shi lafiya, bai san Bahaushe ba.

Baba ne ya kafa makarantar. Tun ina goye yake tara yara a gindin ɗorawa yana koya musu baƙi da wasali don su iya karanta Littafi Mai Tsarki. Ba shi da takardar shaidar malanta, amma rabin iyayen yaranmu shi ya koya musu riƙe fensir, har da Luka kansa. Ajinsa da nawa ɗaki ɗaya ne, zana ce ta raba mu, don haka kullum ina jin muryarsa. Babu ajin da ya kai nasa armashi. In ya ce bakwai sau takwas, yara su amsa gaba ɗaya har rufin kwano ya ɗauka.

Sai dai shekara uku a jere muna kai 'yan aji huɗu Malumfashi jarrabawar shiga siniya firamare, suna dawowa hannu rabbana. A shekarar da ta gabata yaro ɗaya tak ya ci. Manaja ya kira Luka ya ce masa ya nemo inda tulun ke yoyo, kuma kafin hutun Kirsimeti yana son ya ga tsarin gyara a rubuce. In malami ne, a faɗi sunan malamin.

Luka ya taɓa zuwa wani kwas a Zariya inda aka koya musu bin sawun yaro da maki, daga ajin da ya shiga har wanda ya fita. Sai ya kwaso sakamakon shekarun baya ya baje a tabarma, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka ya shirya nasa gwajin, ya ba kowane aji, ya gyara da hannunsa. Wata la'asar ina tankaɗe ya kira ni.

"Zo ki ga. Yaran da suka bar hannunki bara, su talatin da ɗaya ne. A lissafin rubutu ashirin da huɗu sun haye rabi."

Na ce, "To, sai a gode mini."

"An gode. Su ɗin dai, yanzu suna aji uku. A gwajin da na ba su, tara suka haye."

Na ajiye rariya. Na ce ko gwajin ne ya yi tsauri. Ya ce ya ba 'yan ajina irinsa, sun fi su ci. Ya nuna mini shifta, ita ma haka. Ya nuna mini na shekarun baya: yara su tashi lafiya a aji ɗaya da biyu, su faɗi a aji uku, su iso wurinsa a aji huɗu yana ta faci har ranar jarrabawa. Abin bai daɗe da farawa ba, shekara biyu zuwa uku ne, kuma kowace shekara ya fi ta baya muni. Abin mamaki, a lissafin ka da hadda 'yan aji uku sun doke har 'yan aji huɗu. Littattafansu kuwa in ka buɗe, jan fensirin Baba ne ko'ina, kowa ya ci, ko da abin da ke rubuce ba shi ne amsar ba.

Ba wannan kaɗai Luka ya gano ba. Ya ga ranar kasuwar Ƙarfi kusan rabin yara ba sa zuwa, sai ya mai da aikin hannu da wasanni ranar, ya kwashe lissafi zuwa sauran ranaku. Ya ga 'yan aji ɗaya su uku-uku ne a kan allo ɗaya, sai ya sa kafinta ya yanka wasu. Ya ga 'yan mata suna makara saboda ɗebo ruwa, ya yi magana da iyaye mata bayan sujada. Duk waɗannan cikin mako biyu ya gama da su, domin ranar kasuwa ba surukar kowa ba ce.

Saura aji uku. To, wa zai faɗa wa Baba?

Mun karɓi addini, amma kunya tana nan inda kakanninmu suka bar ta. Luka in ya hango Baba a hanya, tun daga nesa yake sauka daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. A makaranta ma in zai ba shi umarni, sai ya juya wajen Malam Ishaya ya ce, "Ina ganin da za a yi kaza da ya yi kyau," Baba ya ji ya yi. Ni kuwa 'yar fari ce. A hannun gwaggona na girma, kuma tsakanina da Baba gaisuwa ce da "ga tuwo". Muka je wa Malam Ishaya, ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ku rufa mini asiri. Mutumin da ya je ya nema mini aure ne zan ce wa bai iya aikinsa ba?"

Sai Luka ya zo da dabara, kuma ni ma na yaba mata, kada in ɗora masa shi kaɗai. Ya ce takarda ba ta jin kunya. Ya samo babban farin kwali a Funtua, ya ɗauki rula ya zana sanduna huɗu, kowane aji da tasa, tsawon sanda gwargwadon yaran da suka ci gwaji. Uku sun miƙe kamar karan dawa, ta aji uku ta tsaya guntuwa a tsakaninsu. Ya rubuta sunan kowane malami a ƙarƙashin sandarsa. Farkon zango na uku ya liƙa takardar a ɗan ɗakin ajiyar da muke kira ofis, daidai saman randar da Baba ke shan ruwa lokacin tara. Tunaninmu shi ne dattijo zai gani, ya gane, ya nemi mafita da kansa, ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Ranar farko duk muna ciki muna yi kamar muna neman alli. Baba ya shigo, ya ɗebi ruwa, ya sha. Malam Ishaya ya yi gyaran murya ya ce, "Hedimasta ya yi mana sabuwar takarda." Baba ya ɗaga kai, ya tsaya a gabanta hannu a baya, ya daɗe.

"Madalla," in ji shi. "Aiki ya yi kyau, Hedimasta."

Ya rataye moɗa ya fita. Muka kalli juna.

Luka ya ce a ba shi lokaci, magana ce mai nauyi. Ƙarshen wata ya sake gwaji, ya sake zane, ya shafa wa sandar aji uku jan launi. Baba ya sha ruwa, ya duba, ya ce madalla. Wata na gaba Luka ya ƙara wa haruffan girma. Baba ya ce madalla. Ajinsa kuwa babu abin da ya canza, ana nan ana rera bakwai sau takwas.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ofis ba Baba kaɗai ke shiga ba. Yaran da ke shara sun karanta. Fasto ya karanta. Iyaye da suka zo neman izinin ɗaukar yara zuwa gona sun karanta, waɗanda ba su iya karatu ba an karanta musu. Har a bakin rijiya na ji mata suna magana, da suka gan ni suka koma zancen tsadar kanwa. Wani uba ya zo ya roƙi a bar ɗansa ya maimaita aji biyu a hannuna, ya ce ba don komai ba, yaron ne bai yi ƙwari ba. Na san ƙarya yake yi, shi ma ya san na sani.

A gida kuwa zama ya yi tsami. Luka ya ce, "Ya gani, ya share. Wannan madallar baƙar magana ce, yana nuna mini shi ya koya mini a, ba, ca." Na ce masa ubana ba ya baƙar magana, in zai yi faɗa yi yake. Amma a zuciyata haushin Baba nake ji, sosai. Na ce wannan wane irin taurin kai ne, mutum ya ga yaran mutane suna nutsewa a hannunsa ya ce madalla? Ga hutu yana matsowa, ga manaja yana jiran suna. Luka ya rubuta tsarinsa tsaf, ya bar layi ɗaya babu komai, kullum sai ya buɗe ya rufe.

Ana nan aka shiga ɗibar auduga. A ƙasarmu kafin ka kai auduga kasuwa sai ka zauna ka tsince ta, fara tas gefe guda, mai tabo da ƙwaro ya ɓata gefe guda, don mai dubawa ya ba ka lamba ɗaya. Audugar Baba ba ta taɓa sauka daga lamba ɗaya ba, har misali ake yi da ita. A shekarun nan Inna ce ke tsince masa, amma ta tafi Tsiga wankan jegon ƙanwata Susana. Ran nan sai ga labari wai an dawo wa Malam Sulemanu da audugarsa daga kasuwa, mai dubawa ya ce a gauraye take, ya je ya sake tsincewa.

Ranar Asabar da rana na kai masa abinci. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, auduga tuli a gabansa. Ban yi sallama da wuri ba, na tsaya daga bakin zaure ina kallo. Ya ɗauko guda, ya murza a yatsu, ya kawo ta dab da fuska, ya jefa hagu. Fara ce sol, ya jefa ta cikin masu tabo. Ya ɗauko wata mai tabon rawaya da ko daga inda nake ina gani, ya murza, ya ji ta da laushi, ya sa cikin farare. Na matso. Rana tsaka, babu abin da ya tsare tsakaninmu. Ya ɗago ya dube ni sosai.

"Hansai ce?" Maƙwabciyarsu yake nufi.

Na ajiye kwano, na durƙusa a gefe, na ce, "Ni ce, Baba."

Ya san na gani. Na jawo tabarmar na fara raba audugar, don hannuna ya sami abin yi, shi kuma ya bar ni. Can ya ce abin ya fara ne kamar hayaƙi a idon hagu, shekara uku ke nan, sannan ya kama na dama. Ya ce hanya ya san ta, mutane yana gane su da murya, Littafi kuwa yana kansa. Inna kaɗai ta sani, kuma ya hana ta faɗa.

"Allo fa, Baba?"

"Ina ganin allon. Abin da ke kansa ne ba na gani. Hannuna ya san inda yake rubutu."

"Littattafan yara fa?"

"Yaro ya kawo, in ce ya faɗa mini amsarsa. In na ji daidai ne, in sa masa."

"Abin da ya rubuta fa?"

Ya ce shi a ganinsa abin da baki ya sani hannu ma ya sani. Na ce masa ba haka ba ne. Yaro yakan ji amsa a bakin na kusa da shi ya faɗa. Wani ya san goma sha biyu ce, ya rubuta ashirin da ɗaya. Wani bai san inda ake ajiye goma in an ɗauko ta ba, kuma babu wanda ya taɓa duba hannunsa ya gyara masa. Ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawon wannan ba tun da aka haife ni.

Sai ya ce, "Takardar nan da maigidanki ya liƙa a saman randa. Na ɗauka jadawalin darussa ne. Mene ne a ciki?"

Na gaya masa. Sanduna huɗu, da sunayen da ke ƙarƙashinsu, da jan launi. Na gaya masa ashirin da huɗu da suka koma tara. Bai katse ni ba.

"Tun yaushe take a bangon?"

"Tun farkon zango."

"Wa ya karanta?"

"Kowa, Baba."

"Ni kuma ina tsayawa a gabanta ina cewa madalla."

Na ce eh. Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya shafa gemu. Ni kuma haushin da na tara wata uku ya taso, ya haɗu da tausayi, na rasa wanda zan bi. Na ce, "Ai kai ma ka ɓoye mana."

"Na ɓoye," in ji shi. "Tsoro na ji kada a karɓe ajin. Wannan laifina ne, zan amsa shi a gaban Ubangiji. Amma ni ban san ɓarna nake yi ba. Ku kun sani. Ku uku, da idanunku shida, kuka bar 'ya'yan mutane a hannuna zango guda kuna jiran bango ya yi magana."

Na gama tsince audugar, na ɗaure masa, na ɗauki kwanon jiya na tafi.

Da na gaya wa Luka, ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya ce zai je ya yage takardar yanzu. Na ce yagewa ba ta goge abin da mutane suka karanta. Sai ya fara neman hanya: a bar wa Baba lissafin ka da hadda a duk azuzuwa, a rubuta wa manaja cewa an yi sauyin aiki, babu sunan kowa. Ranar Lahadi bayan sujada ya tura Malam Ishaya da wannan shawara. Baba ya ce a gode wa Hedimasta, amma kujerun malamai huɗu ne kacal a makarantar, in ya zauna a ɗaya mishan ba za ta turo mai ido ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. A watan Janairu aka turo wani saurayi daga kwalejin horon malamai ya karɓi aji uku. Luka ya riƙa tsare yaran da suka baro hannun Baba bayan an tashi, yana bin rubutunsu layi-layi. Shekarar da ta biyo yara shida suka shiga siniya firamare, manaja ya yaba, har ya sa wasu hedimastoci su zo su ga yadda ake zana sandunan. An kai Baba asibitin ido a Kano, ido ɗaya ya ɗan dawo, daidai ya gane fuska. Bai koma aji ba.

Amma ranar Litinin ɗin da ta bi wannan Lahadi, ya zo makaranta kamar kullum, da farar rigarsa ta koyarwa. Bayan addu'ar safe na ji ta cikin zana ya aiki yaro ya kira Hedimasta. Na ba 'yan ajina aikin kwafa, na matsa inda zanar ta ɓule.

Luka ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Baba ya ce wa yara kowa ya fito da littafin lissafinsa da na shifta ya buɗe. Aka yi ta ƙarar takarda.

"Kun ga jan fensirin da ke ciki?"

Suka amsa gaba ɗaya, "Mun gani, Malam."

"Ni ban gani ba. Idona ya mutu tun kafin ku zo ajin nan. Duk inda na sa muku daidai, ban ga abin da kuka rubuta ba. Kada wanda ya dogara da shi. In kun je gida ku gaya wa iyayenku haka na ce, kuma ba laifinku ba ne. Hedimasta zai sake duba muku tun daga shafin farko."

Wata yarinya a layin gaba ta rufe littafinta a hankali, ta sake buɗewa. Baba ya laluba aljihu ya ciro jan fensirin, ya miƙa hannu, amma ba daidai inda Luka yake ba. Luka ya taka ya zagayo gaban hannun, ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu.

Baba ya juya zai fita. Shekara uku yana ƙirga hanyarsa a ka don kada a gane. Ran nan ya miƙa hannu ya dafa bango a gaban yara, ya bi shi a hankali har ya sami ƙofa.